Katin Garkuwan Kwatami Ba Shi da Baya

Jama'a, ku taya ni murna. Ranar Litinin ta makon jiya an kore ni daga ƙofar ofis ta hanyar zamani. Ba tsawa, ba hankaɗa. Mai gadin ma sai da ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya hana ni shiga.

Ga abin da ya kai ni. Kwatamin da ya ratsa bayan gidana a Samaru ya toshe tun bara: leda, yashi, tsumma, har da wata tsohuwar fanka. Katangata ta ƙasa ce, ruwa ya ci gindinta har ana zura hannu, kuma ɗakin da nake kwana a jikinta yake. Ga hadari ya fara haɗowa. In aka yi ruwa biyu masu ƙarfi ba a yashe kwatamin nan ba, sai dai ku zo ku tono ni.

Akwai babban da aka ɗora wa wannan aiki. Ba zan kama suna ba, mu ce masa Garkuwan Kwatami, Allah ya ja zamaninsa. Na san shi tun yana yawo ba wando. Ranar sunansa ni na tuƙa tuwo. Da kakarsa ta rasu, kwana bakwai na yi a gidan ina karɓar gaisuwa. Da nawa mijin ya rasu, saƙo ya aiko a bakin direba. Ni Zubaidatu ban yi boko ba, amma wanda ya tako da wanda ya aiko duk suna nan a kaina, ba sa gogewa.

To, wancan makon na ritsa shi a wata walima a unguwar Jama'a.

"A'a, Inna! Kina nan?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Katangata ce dai ke haɗa kaya. Ba ni katinka in zo ofis."

Ku yaran yanzu ba ku san kati ba. A da, babban mutum zai zaro ɗan kwalinsa, ya juya bayansa, ya rubuta layi biyu, ya sa hannu. Ban taɓa karanta ko ɗaya ba, amma na san aikinsa. Gaban kati na mai shi ne, bayansa na talaka. Da bayan kati aka ɗauki ƙanena masinja. Mai gadi na gani, ƙofa ta buɗe, har kujera a ba ka.

Sai bawan Allahn nan ya zaro wata baƙar roba irin ta cirar kuɗi.

"Inna, ai an bar yayin takarda. Kawo wayarki."

Na kwance bakin zane na fito da 'yar rakani-kashina, wadda na ɗaure da kyauro saboda murfin. Ya dube ta, ya dubi mutanen da suka zagaye mu, ya dai daure ya ɗan goga robar a jikinta.

"Shi ke nan, ya shiga."

"Me ya shiga?"

"Ni, Inna. Gaba ɗayana ina ciki."

Ya mayar da abarsa aljihu. Kun ji rowa mai digiri: kati guda, a ba mutum dubu, kuma bai bar aljihun mai shi ba.

Litinin na hau mota zuwa Sabon Gari. Mai gadin ofishin Mordecai ne, wanda muka yi shekaru muna kasa kaya gefe da gefe da uwarsa a kasuwa. Ya ce, "Mama, ina kati?" Na miƙa masa waya. Ya danna, tocila ta kama. Ya sake dannawa, rediyo ta kama.

"Mama, ba Oga a nan fa."

"Duba da kyau, ɗan nan. Da bakinsa ya ce ya shiga gaba ɗayansa."

"Gaskiya Mama, ko hularsa ba ta shiga ba."

Ya ba ni wata takarda mai zane kusurwa huɗu, kamar tururuwa sun yi taron siyasa. Ya ce sai an haska shi da babbar waya a nemi rana, in ya bar ni na shiga ba tare da haka ba, shi za a sallama daga aiki. Kuma don ya sanyaya mini rai, ya ba ni labarin yadda aka zaɓi katin. Wai kwamiti aka kafa, mutum goma sha biyu, kwana uku a otal, suna tantance kamfanonin da ke riƙe wa mutane kati a waya. Na farko kyauta ne, amma yana maƙala sunansa ƙarƙashin hoton mai kati. Aka ce ba a yi wa Oga goyo. Na biyu hoto ɗaya kawai yake ɗauka. Aka ce raini ne. Na uku yana cin hoto ashirin, kuma yana ƙirga mutum nawa suka leƙa. Nan take aka yi tafi, aka kawo kaji.

Madalla da wannan hangen nesa. Ƙarti goma sha biyu, kwana uku. Da shebur aka ba su maimakon cokali, da yanzu har Basawa ba kwatami a toshe.

Na dawo na shiga wurin maƙwabciyata Rhoda, tela ce, tana da babbar waya. Ta haska, sai ga Garkuwa ya fito yana murmushi, hula har kunne. Ta karanta mini muƙamansa har ta tsaya ta sha ruwa. Ta danna lambar, wata mata ta ce a sake gwadawa. Ta danna neman rana.

"Inna, an ba ki Nuwamba."

"Lokacin an girbe dawa ke nan. Ni za su gani ko magadana? Ke, juya mini bayansa mu gani ko ya rubuta wani abu."

Ta juya wayar tana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. "Inna, wannan ba shi da baya!"

Ashe ita ma Rhoda wata guda ke nan tana ruwan ido a kan irin katin da za ta zaɓa, don matan da take wa ɗinki sun ishe ta da "turo mini katinki". Ta ce in ba ta shawara. Na ce, "Ɗauki wanda zai buɗe ko sabis na numfashi sama-sama, wanda ba sai mutum ya sauke wani abu ba, wanda in an danna lamba ke za ki ɗaga. Hoton ɗinki ki sa, ba na fuskarki ba, ba aurenki za su yi ba. Sauran kuma ƙafa ce. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Da na ji abin da ya fito daga bakina, sai na ɗauki mayafi na bi layi gida-gida ina neman masu taya ni yashe kwatamin. Na tsaya shagon Malam Zailani na ce, "Ranar da matarka ta fara naƙuda kana Kano, wa ya zauna da ita?" Ya ce, "Inna, ƙarfe nawa?" Mijin Rhoda ya ce zai kawo samarin cocinsu. Asabar da hantsi mutum ya fi ashirin a bayan gidana, shebur, baro, kwando. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ma na shiga ina kwasar leda. Ana tsakar aiki wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya, gilashin ya sauka kaɗan, ya koma, ta wuce. Ko sannu.

Lahadi da la'asar aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya bi hanyarsa ya wuce. Katangata na nan tsaye.

Jiya sai ga Rhoda a guje, ko takalmi babu. "Inna, kin fito!" Ta tura mini wayar a hanci. Katin Garkuwa ne, an ƙara sabon hoto. Ga Malam Zailani da baro, ga samarin coci, ga ni a tsakiya na duƙa da kwando, laka har gwiwa. Ta ce an rubuta a ƙasa: aikin da Mai Girma ya kammala a Samaru. Wai har mutum ɗari bakwai sun leƙa.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma ni ba butulu ba ce. Mutumin da ganinsa sai Nuwamba, yau ga ni a aljihunsa, ina shiga ofis kullum ba mai tare ni. Abu guda ne ya ɓata mini rai, ranka ya daɗe: in za a sake kammala wani aikin, a aiko direba ya faɗa mini, in ɗaura zanen salla.