Jinya da Cinyar Kaza

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, telolin unguwar Dilimi ba za su bari ba. Ranar Lahadi ce, a tsakiyar damina, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Waɗanda suke wurin su ne: shugaban ƙungiyarmu ta teloli, Alhaji Isiyaku, maƙwabcina a shago, Tanko mai aikin wuyan riga, wata ma'aikaciyar jinya da muka gayyato daga Daɗin Kowa, Sista Rifkatu, teloli talatin da huɗu a kan benci, sai ni, sakatare, a tsaye da littafi a hannu. Amma bari in koma baya in ɗauko zancen daga tushe, don ni ba na son abu a hargitse.

Ni mutum ne mai tsari. Firamare kawai na gama na hau keken ɗinki, amma ba wanda ya taɓa ganin almakashina a inda ba wurinsa ba. In zan yi magana sai na ce na ɗaya, na biyu, na uku. Ko faɗa zan yi wa 'ya'yana, da babba nake farawa in sauko ƙasa (ko da ƙaramin ne ya yi laifin).

Wata takwas kafin wannan rana na je asibiti neman tabarau, don zare ya fara ƙin shiga allura. Kafin a duba idon aka ɗaura mini abin awo a dantse, aka ce ina da hawan jini. Na ce wa likita ni ban ji komai a jikina ba. Ya ce ai nan ne sharrinsa, ba ya sallama. Jini ne yake bugun jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima, yau da gobe, har ya taɓa zuciya ko ƙoda, ko mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ba ni ƙwaya guda kullum da safe. Ya ce in rage gishiri da dunƙule da soye-soye, in riƙa tafiya da ƙafa, in koma awo duk wata.

Na bi doka sau da ƙafa. Ƙarfe shida da rabi ƙwaya. Ƙarfe bakwai in kama hanyar shago a ƙasa, ko ana yayyafi. Awo ya sauko, likita ya yaba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: miyar matata, Maman Hafsa, wadda da ake jin ƙanshinta tun daga bakin layi, ta koma kamar ruwan ɗaurayar tukunya. Tsire kuwa sai dai in wuce in gaishe shi da hanci.

Ana nan sai ƙanena da ke Kabong ya turo mini wani rubutu a waya. Kan maganar ya ce: “Naman kaza yana taimaka wa masu hawan jini.” Sai da na karanta layin sau uku. A ƙasan rubutun akwai hoto da bai buɗe ba, duhu-duhu kawai da ɗan zobe a tsakiya. Ban taɓa shi ba. Ni kallon hoto a waya na ɗauke shi aikin yara.

Na ɗauko littafi na kwafe bayanin daki-daki, ina yi masa sharhi. Na ɗaya, an ce akwai na ci, akwai mai guba, kada mutum ya ɗauki wanda bai sani ba. Na ce gaskiya ne, akwai kazar gida, akwai ta gidan gona da ake ɗura wa allura. Ɗaukar kazar da ba ka sani ba kuwa ai sata ce ma. Na biyu, an ce mafi amfani shi ne wanda ake samu a jikin itace. Na ce sarai, kajin ƙauye ke nan masu kwana a kan bishiya. Na uku, ana busar da shi a daka. Dambun nama! Na huɗu, wasu suna zuba shi a ruwan zafi su sha kamar shayi. Wannan romo ne, ko yaro ya sani. Na biyar ne ya ɗan ɗaure mini kai, da aka ce ana ɗura shi a kafso, amma na ce mutanen waje ba abin da ba za su iya ba.

Akwai layi na ƙarshe da ya ce kada a daina maganin asibiti, kuma a tuntuɓi likita tukuna. Na gan shi. Ban kwafa ba. A lokacin na ce wa kaina shafi ne ya cika, ba zan ɓata sabon shafi da layi ɗaya ba (Allah na tuba, da sauran wuri).

Washegari na je wurin mai kaji na ce wadda take kwana a bishiya nake so. Ya kalle ni, ya kalli kejinsa, ya rantse cewa duk kajinsa ba wadda ta taɓa kwana a ƙasa. Na kai gida na miƙa wa Maman Hafsa tare da jadawali.

Ta ce, “Malam, likita ne ya ce haka?”

Na ce, “A rubuce yake.”

“Wa ya rubuta?”

“Masana.”

“To masanan sun ce a sa gishiri?”

“Ba su hana ba.”

Ta karɓi kazar, ta ce, “Allah ya ba da lafiya,” da irin muryar da ake yi wa wanda ya dage zai tsallake kogi da takalmi.

Jadawalin shi ne: safe romo, rana soyayyiyar cinya da yaji, yamma dambu a kan tuwo. A rana ta uku na jefa ƙwayata a aljihun keken ɗinki na rufe, don a ganina magani biyu ba sa zama a ciki ɗaya. Ranar awo ta zo na ƙi zuwa. Mai lafiya me zai je nema? Wuyan rigata ya fara shaƙe ni, na ce yadin ne ya ja. Ƙeyata ta riƙa yin nauyi da rana, na ce magani ne yake kokawa da cuta.

Alheri kuma ba a ɓoye shi. Tanko ma yana da hawan jini, saboda haka na karanta masa littafin, na fara raba cinyar rana da shi. Ya tsotse ƙashi ya ce, “Sakatare, tunda nake ban taɓa shan maganin da nake son ƙari ba sai wannan.”

Kwana ashirin da ɗaya muna haka, sai ranar taron ƙungiya ta zo. Alhaji Isiyaku ya gayyato Sista Rifkatu, wadda ta daɗe tana kawo mana ɗinki, ta auna mutane ta yi mana bayani, tunda tela yini yake a zaune. Aikina in gabatar da ita a minti biyu. Na yi minti ashirin.

Na ce, “Jama'a, kafin Sista ta wahalar da kanta, ga shaida a gabanku. Ni nan na rabu da ƙwaya. Na samu maganin hawan jini, kuma yana yawo a tsakar gidan kowa.” Na buɗe littafi na zayyano musu na ɗaya har na biyar, da sharhina duka. Wasu har suna cewa in maimaita ta biyun. Na lura Sista ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka mamakin ilimina ne ya kama ta.

Da na gama ta miƙo hannu. “Baba Sakatare, ba ni wayan in ga wannan rubutu.”

Na ba ta da alfahari. Ta karanta, ta gangara ƙasa, ta dangwala yatsa a kan zoben nan da ban taɓa taɓawa ba. Hoto ya buɗe. Ta ɗaga wayar sama ta juya ta ga jama'a. Wani abu ne ja-ja mai faɗi kamar faifai, manne a jikin ruɓaɓɓen kututture. Ba baki, ba fiffike, ba ƙafa.

Can daga benci na baya wani ya ce, “Kai! Wannan ai laimar kwaɗi ce!”

Sista ta ce, “Shi ne. Mashurum. Wasu suna ce masa naman kaza.”

Alhaji Isiyaku ya gyara zama ya ce, “Ƙwarai kuwa. Kakata a ƙauye haka take kiran na cin, don in an dafa shi yana kama da tsokar kaza. Sakatare, kai ba ka taɓa ji ba?”

Ni haihuwar Dilimi ne, a ina zan ji? Irin abin nan fa yana nan a bayan shagona, duk damina sai ya fito a gindin tsohon mangwaro, ina sa ƙafa ina shure shi. Na buɗe baki na ce, “Na ɗaya...” Ba abin da ya biyo baya. A daidai nan wani mara kunya ya yi cara irin ta zakaran asuba. Benci ɗaya har ya kife.

Sista ta bari dariya ta lafa, sannan ta ce, “To shaida, zo mu fara da kai.” Ta zaunar da ni, ta ce in jingina, in sauke ƙafa biyu a ƙasa, in yi minti biyar ba magana (ni da ba a taɓa hana ni magana a taro ba). Ta ɗaura mini abin awo, ya matse, ya saki. Ta kalli lambar. Dariyar da ke fuskarta ta ɗauke. Ta koma ɗayan hannun ta sake.

“Ɗari da tamanin da huɗu a kan ɗari da takwas. Zuwanka na ƙarshe nawa ne?”

Na ce, “Ɗari da talatin da biyar a kan tamanin da biyar.”

“Ƙwayar tana ina?”

“A aljihun keke.”

“Kwana nawa?”

“Goma sha takwas.”

“Ƙirji yana ciwo? Ido yana gani daidai? Hannu ko ƙafa bai yi sanyi ba?” Na ce a'a, ƙeya ce kawai. Ta ce, “Baba, kai tela ne. Ka taɓa yanka yadin mutum ba ka auna ba? To don me ka yanke magani ba ka auna jini ba? Yau ɗin nan ka koma kan ƙwaya, gobe da safe asibiti. In ka ji baki ya karkace ko hannu ya ƙi ɗaguwa, kar a jira gobe.”

Ba wanda ya sake yin cara. Ta juya ga jama'a ta ce ko ainihin laimar ce, ko garinta, ko kafson da ake talla, ba a tabbatar tana maye gurbin ƙwayar asibiti ba. Wata ma tana iya karo da maganin da mutum yake sha, don haka duk mai son gwadawa ya fara kai kwalbar wurin likitansa. Ta ce kada wanda ya kuskura ya tsinko ta daji ya dafa, wata kisa take yi.

Ni a lokacin ba kunya ce kawai take cina ba. Tanko nake tunani, ya girme ni, ga iyali. Na miƙe na ce, “Sista, don Allah auna wannan bawan Allah. Ni na sa shi a hanya.” Aka auna shi. Ya ɗan hau kaɗan, ba wani abin tashin hankali.

Na ce, “Ya aka yi haka?”

Tanko ya ce, “Ai ni ban fasa ƙwayata ko rana ɗaya ba. Kazar dai nake taya ka ci.”

“Wato ba ka yarda da maganin ba?”

“Sakatare, tun a ta biyun nan ta kan bishiya na yi shakka. Amma wa yake musu da mai cinya a hannu? Wallahi ban san ka ajiye taka ba, da na tsawatar.”

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maman Hafsa ba ta yi dariya ba. Ta kawo tuwo da miyar nan ta ɗauraya, ta ajiye ragowar ƙwayar da ke gida a kan ɗan faranti da kofin ruwa, ta tsaya a kaina har na haɗiye. Sannan ta ce, “In ka haɗu da masana ka gaishe su.”

Da sauran hukunci. Ni ne sakatare, ni zan rubuta bayanin taro in karanta a zama na gaba. Alhaji Isiyaku ya ce in tsallake wurin, an yafe. Na ƙi. Abin da ya faru ya faru, kuma bi da bi ya faru. Na tsaya na karanta da bakina: “Ƙarfe huɗu da minti arba'in, Sista ta buɗe hoto. Ƙarfe huɗu da minti arba'in da biyu, wani ya yi cara, ba a gano ko wane ne ba.”

Sai da na yi sati shida kafin awo ya dawo inda yake, kuma likita ya ƙara mini wata ƙaramar ƙwaya a kan ta da. Da ƙwaya ɗaya na fara neman tsira, na ƙare da biyu, da kuma sabon suna, Likitan Kaji. Abin da na koya shi ne, duk maganin da ya zo daidai da kwaɗayinka, ba kai kake karanta shi ba, cikinka ne.

Saboda haka ina roƙonka, mai karatu: ka je a auna ka a satin nan ko da kana jin kanka garau, in kuma an riga an ɗora ka a kan ƙwaya, kada wani rubutun waya ya raba ka da ita. Idan ɗinki ya kawo ka Dilimi ka ji an yi cara da rana tsaka, to ni ne nake wucewa. Ka gaishe ni kawai, don Allah kada ka waiwaya neman zakaran.