Burodin Ɗaya ga Azumi

Ni da bakina na ce wa Kawu zamanin kintace ya wuce a gidan burodinsa na Wudil. Na harhaɗa manhajar AI a kwamfuta, na ɗura mata bayanan cinikin wata shida. Ta ce a ninka burodin safe na Utai da Lajawa.

Direbanmu ya ce, "Yallaɓai, gobe fa azumi."

Na ce, "Bayanai ba sa ƙarya."

Da azahar ya dawo, mota maƙil, masu shayi duk sun rufe. Rabin burodin nan awaki suka cinye. Kawu ko zagina bai yi ba, makullin sito kawai ya karɓe.

Har yau, da an ga wata, ma'aikata sai sun kira ni: "Injiniya, an sanar da kwamfutar kuwa?"