Man Shanun Garar Yaya Asabe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka soya man shanun garar Yaya Asabe ba, ko da ma na so in manta, dangina ba za su bar ni ba. Amma tun daga farko ina so a sani: ni ke da gaskiya. Man nan bai tafasa ba.

Lokacin ina ɗalibi a Samaru, ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Ni mutum ne mara magana. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, sai dai in rubuta ta da kyau in ja mata layi. A shekarar ce malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa narkewa daban, tafasa daban. Abu mai tauri idan ya sha zafi ya zama ruwa-ruwa, ya narke ke nan. Sai ya kai wani zafin na daban, can sama, har ya soma komawa tururi, sannan za a ce ya tafasa. Ƙanƙara tana narkewa a hannunka, amma ba ta tafasa a hannunka. Dalma tana narkewa a maƙera, amma maƙeri zai tsufa bai ga ta tafasa ba. Darasin ya shiga raina ƙwarai, har na zo na ɗaya, aka ba ni kyautar ma'aunin zafi, siririn gilashi mai jan ruwa a ciki. Kullum yana aljihun rigata (har masallaci nake zuwa da shi, Allah ya yafe mini).

Da bikin yayata ya zo, na hau keke na tafi gida Sabon Gari. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ke riƙe da gara, wato kayan abincin da dangin amarya ke kaiwa gidan miji. Ta daɗe tana tara man shanu wurin Fulani, ƙwarya bayan ƙwarya, don kada dangin ango su ce 'yar wanta ta zo da tuwo babu maiƙo. Ranar aka juye shi duka a babbar tukunya aka ɗora a murhu. Ni aikina kawo itace ne kawai.

Na ajiye itace ke nan sai na ji Gwaggo ta ce wa 'yarta, "Ladi, janye wutar nan, mai ya tafasa."

Ni da ba na iya gaida baƙo sai na sunkuyar da kai, sai na ji bakina ya ce, "Gwaggo, bai tafasa ba. Narkewa ya yi."

Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Me ka ce, ɗan nan?"

"Wannan kumfar ruwan da ke cikin man ne yake fita. Shi man da sauransa. Kafin ya tafasa sai ya ƙone ya yi hayaƙi."

Ladi, da yake taubashiyata ce, ta tafa hannu ta yi guɗa. "Jama'a ku zo ku gani! Bebe ya yi magana! Malam na Samaru, to tsoma yatsa mana mu ga ko bai tafasa ba."

Mata suka kwashe da dariya. Gwaggo ta ce, "Tun ba a haifi uwarka ba nake suyar mai. Tafi ka kawo itace."

Da na tafi ɗin, da shi ke nan. Amma ban tafi ba. Na jira har kumfar ta kwanta, man ya yi garau yana ƙamshi, sannan na zaro ma'aunina na ɗaga sama kowa ya gani. Na ce, "Yanzu zan nuna muku. Ruwan ya gama fita, zafin ya wuce na tafasasshen ruwa, amma ku duba, man ko motsi ba ya yi."

Na tsoma.

Jan layin ya haura kamar an koro shi. Na buɗe baki zan ce "kun gani", sai na ji ƙas! Gindin gilashin ya fashe. Abin da ya rage a hannuna ɗan guntu ne, sauran kuwa, da jan ruwan da ɓarɓashin gilashin, duk sun nutse a garar Yaya Asabe.

(Abin da na manta ke nan: ma'aunin na auna zafin ɗaki ne, jan ruwan cikinsa kuma yana tafasa tun kafin ruwan sha ya tafasa. Wato a duk tsakar gidan nan, a wannan lokacin, abu ɗaya ne ya tafasa, kuma nawa ne.)

Gwaggo ba ta yi ihu ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ta leƙa tukunyar, ta dube ni, ta ce, "To, Malam. Wa zai ci kwalba? Ango, ko uwarsa?"

Ladi ta ce a tace da ƙyalle. Ni kuma, da ba na koyon darasi, na ce ɓarɓashin gilashi yana iya wuce ƙyalle. Nan ma ni ke da gaskiya, nan ma ba wanda ya gode mini. Aka zubar da man duka a bayan gida, ina tsaye ina kallo.

Gwaggo ta ɗaura mini ƙwarya a bayan keke ta ce kada in dawo sai da mai. Na bi rugagen bayan Samaru ɗaya bayan ɗaya, ni da ke jin kunyar tambayar hanya, ina sallama ina roƙon a sayar mini. Abin da na samo bai kai rabin na farko ba. Maƙwabta suka ƙara da nasu, aka kai gara ba a ji kunya ba, sai dai an ce uwar ango ta ɗaga murfi ta ce, "Ashe shanun Zazzau sun yi rowa bana." Yaya Asabe ta yi wata ba ta yi mini magana ba.

Har yau 'ya'yan Ladi "Kawu Bai-Tafasa-Ba" suke kira na, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi, don sunan gaskiya ne. Ban janye maganata ba, ba kuma zan janye ba. Abin da kawai na ƙaru da shi shi ne, kafin ka auna zafin tukunyar wani, fara sanin iyakar zafin da ma'auninka ke ɗauka. Kuma idan Gwaggo ta ce mai ya tafasa, ka riƙe gaskiyarka a ciki, ka je ka kawo itace.