Ministan Da Ba Shi Da Ɗaki

Ba zan taɓa mantawa da damanar da ruwa ya kwantar mini da gida ba, ko da yake, in za a bi gaskiya, ba faɗuwar gidan ce ke damuna in na tuna ba. Gida ai ƙasa ce, ta koma inda ta fito. Abin da na yi da bakina a ƙofar meri, ma'aikatar magajin gari, shi ne har yau in ya faɗo mini a rai ina cikin ɗinki sai na soke yatsana da allura.

Ni tela ne a Filinge, kuma tela mai ji da kansa. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya wuni ya kwana, da hantsi ɗakunanmu suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimaka duk muna waje. Aka kwashe mu zuwa lekol, wato makarantar boko, tare da sauran waɗanda abin ya shafa, aka ba mu rabin aji, zane ne ya raba mu da wani iyalin. Matata Rakiya da yara suna ta bakin taga, Inna mahaifiyata, wadda ƙafafu suka daina ɗaukarta, tana kwance a ƙarƙashin allo. Tufafina kaf suna cikin laka, daga ni sai wata koɗaɗɗiyar riga mai hoton ƙwallo. Abin da ya tsira shi ne keken ɗinki da kayan mutane, don suna shagona a kasuwa.

A cikin kayan nan akwai babbar rigar Alhaji Sule, mataimakin magajin gari. Shadda ce ruwan sararin samaniya, na zuba mata aiki tun daga wuya har cibiya. Rigar ta gamu tuni, wandon ne na yi ta ce masa gobe. Da Alhajin ya zo yi mana jaje, ya tambaye ni ko muna bukatar wani abu. Na gyara tsayuwa na ce alhamdulillahi, ba komai, mun riga mun samu inda za mu koma (ba mu samu ko akurkin kaji ba). Bai ko ambaci ɗinkinsa ba, ni da kaina na ƙara da cewa ai har rigarsa ruwa ya taɓa, sai ya ƙara haƙuri. Ƙaryar tela ba ta jiran a tambaye ta.

Ana nan hutu ya zo ƙarewa. Mushe Idi, diraktan lekol (mushe muke ce wa malamin boko), ya ja ni gefe ya ce yara za su dawo, dole a ba su ajinsu. Maƙwabta sun fara watsewa, wasu gidan dangi, wasu ƙauye. Ni dangina na Kurfai duk halin da nake ciki suke ciki, kuma Inna ba kaya ba ce da za a ajiye a gindin bishiya. Mushe ya ce in je meri, ana ba da tanti da wurin kafa shi. Ya ce ina isa in ce ni sinistire ne, wato wanda bala'i ya afka wa, za a nuna mini ofishin da zan shiga.

Kalmar nan ta kwanta mini a rai. Da Hausa sai in buɗe baki in ce ba ni da wurin kwana, maganar da ke tsaya wa magidanci a maƙogwaro. Amma sinistire, ji nake kamar wani muƙami ne. (Ban yi lekol ba. Faransancina na tela ne: santimeta, modal, da marsi boku.) Na yi ta bitarta a zuci. Sai kuma na ji labarin Alhaji Sule ya shiga motar Yamai, na ce yawwa, yau ce ranar, ba zan yi roƙo a gaban mai kawo mini ɗinki ba.

Saura tufafi. Na dubi rigar ƙwallon nan na ce ba ni ba shiga ma'aikata da ita. Na je shago na zaro shaddar Alhaji, na ɗora hular wani, na fesa ragowar turaren wata amarya. Na biyo ta lekol don Rakiya ta gani. Ta dube ni daga sama har silifas ɗina da suka sha laka, ta ce, "Malam, wurin kwana za ka nema ko ɗaurin aure za ka?" Na ce mata mace ba ta san sha'anin ofis ba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da dama wa Inna kunu.

Abin da ban sani ba, mutanen meri sun kwana biyu suna jiran manyan baƙi daga Yamai a kan maganar ambaliyar. Ga wata farar mota ta wani furoje, irin ta ƙungiyoyin agaji, an ajiye dab da ƙofa, ni kuma garin kauce wa taɓo sai na ɓullo ta bayanta ina tattare hannun riga. Mai gadin sabo ne, Bazabarme daga wajen Damana, bai san ni ba, Hausarsa ba ta nuna ba, Zabarmancina kuwa iyakarsa gaisuwa. Ya tare ni da Faransanci, na gane dai yana tambayar ko ni wane ne. A ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar ma'aikatar ga mutanen unguwarmu zaune a kan tabarmi, duk sun zuba mini ido. Nan take kalmar da na wuni ina riƙo ta sulale. Na laluba na cafko wadda ta fi kusa da ita, na daki ƙirji na ce, "Muwa, ministir."

Bawan Allah ya ƙame ya sara mini, ya juya da gudu. Ni a raina har ina yaba yadda ake girmama mai neman taimako a meri. Kafin in gyara hula, ofisoshi sun fara amayar da mutane. Wani na ɗaura maɓalli, wata na goge kujera da gyalenta, wani ya fito da tabarmar roba yana shimfiɗawa a kan taɓo. Sai a lokacin kunnena ya maimaita mini abin da bakina ya faɗa: ashe cewa na yi ni minista ne. A gaban tawagar kuwa, da hannu biyu a miƙe, Alhaji Sule ne. Ashe ya fasa tafiyar saboda baƙin.

Ya tsaya cak. Bai dubi fuskata ba tukuna, aikin wuyan rigar ya bi da kallo har ƙasa, kamar mai duba akuyarsa da ta ɓata a garken wani. Daga ƙarƙashin bishiya sai muryar Iya Mariyama mai ƙosai, maƙwabciyarmu, ta taso: "Wane ministir? Wanga ai telan bakin kasuwa na, wanda muka kwana aji guda da shi."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har tasha. Na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi, ga ta kuwa a jiƙe. Alhaji ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, sannu da hanya. Ashe ruwan da ya taɓa rigag ga har guga ya yi mata."

Ya kama hannuna ya ja ni ofishinsa, ya rufe ƙofa. Na fara kame-kame, ina sinis, ina minis. Ya ɗaga hannu, fuskarsa ba sauran dariya. Ya ce, "Bar Faransancin ga. Gaya min da Hausa, mi ka zaka nema?"

Wallahi da a ce in faɗi maganar nan gara a sake yi mini wata dariyar. Amma na tuna Inna a ƙarƙashin allon yara, na ce, "Alhaji, ba mu da wurin kwana. Ni da iyali da tsohuwa." Hawaye ya ɗiga a kan shaddar mutane.

Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce dai da na faɗi haka ranar jaje da tuni tsohuwa ta bar kan siminti. Ya haɗa ni da matar da ke kula da masu neman agaji, kafin la'asar an nuna mana wuri a wani fili mai tudu, aka ba mu tanti da tabarmi. Da na kama cire rigar ya ce in bar ta, ba a tuɓe minista a bainar jama'a, in wanko ta in kawo tare da wandonta. Haka na goya Inna a bayana, cikin shadda, daga amalanke zuwa cikin tanti. Ta shafa yadin ta ce Allah ya yi albarka, ashe ɗanta ya samu aiki.

Mun sake gini bayan kaka, amma sunan ya zauna. Har 'yan Sanam masu zuwa cin kasuwa in suna neman shagona, shagon Minista suke tambaya. Na daina jin haushi, ina amsawa. Abin da dai na koya, in bukata ta kai ka ƙofar mutane, ka je da rigarka komai koɗewarta, ka faɗi damuwarka da harshen da uwarka ta yi maka faɗa da shi. Ni na ari riga na ari kalma, duk biyun suka yi mini yawa.