Kabad ɗin Bindiga Ya Rasu, Gam Ne Ajalinsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu take tafasa, nake sanar da dangi, maƙwabta da duk wanda ya taɓa shiga ɗakina, rasuwar kabad ɗin bindigar marigayi maigidana. Ya cika a kusurwar da ya yi rayuwarsa duka, bayan jinyar damina guda. Ba tsufa ne ya ɗauke shi ba. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi yana shigowa gidan nan ya durƙusa ya gaishe ni.

Ni ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, na kuma gaya mata in ta sassauta min kalma ɗaya, mun ɓata.

Marigayin, wato kabad ɗin, ba ɗan kanti ba ne. Baban yara ne ya ƙera shi da hannunsa a tsakar gida, lokacin da babban ɗanmu ya fara rarrafe yana kai hannu kan komai. Shi mafarauci ne, ba kafinta ba. Zarto na aro, guduma ta aro, babban yatsansa ya sha duka har farcen ya fita. Ƙafa ɗaya ta fito gajera, aka tokare ta da guntun bulo, a haka ya tsaya har muka aurar da 'ya'ya. Bai taɓa buɗe wa yaro ba. In an taɓa ƙofarsa sai ya ce “ƙiiiƙ”, in an rufe ya ce “ƙwas”. Ko ina madafa nakan ji. Bai taɓa ɓoye min komai ba, abin da ba zan iya faɗa a kan mutanen gidan nan ba.

Shimfiɗar cikinsa ita ta fi ba Baban yara wahala. Ya sa buhu, ya karce masa gindin bindiga. Ya sa fata, ƙarfen bindigar ya fara tsatsa. Daga ƙarshe ya ɗauko bargonsa na ulu, mai ruwan ƙasa, wanda yake shiga daji da shi, mai ƙunar garwashi a gefe. Bai yanka shi ba. Ninka shi ya yi, ya kafe shi da ƙananan ƙusoshi daga sama, ya bar ƙasan a sake, sannan ya huda bayan kabad ɗin. Na ce, “Ka gama wahala kuma kana ɓula shi?” Ya ce, “Bar shi ya sha iska, ke. Ƙarfe ba ya son gumi.”

Tun da Baban yara ya rasu, kowace safiya nakan buɗe kabad ɗin. Ba don bindiga ba, me zan yi da bindiga? Fuskata nake tusawa cikin bargon. Akwai man bindiga, akwai hayaƙi, akwai shi.

Ciwon ajali ya sami kabad ɗin ne da na tafi jinyar yayata. Mijin autata, kafintan nan mai yin kujeru masu ƙyallin da ba sa kai shekara, wanda daga yau sunansa Sarkin Gam, ya ga dama ya yi min abin mamaki. Ya fizge bargon. Ya shafe cikin da gam, ya manna soso, ya bi shi da jan karammiski. Ya toshe hudojin baya, wai kyankyasai na shiga. Ya bulbula masa fenti har ina ganin fuskata a jikinsa. Na dawo na tarar da shi yana washe baki.

“Inna, kin ga yanzu ya zama na zamani.”

Na ce, “Ina bargon?”

Ya ce, “Wanne? Wai wannan tsumman?”

Na haɗiye, saboda suruki ne. Wannan haɗiyar ita ce ke tsaye min a wuya har yau.

Damina ta sauka, soson ya yi ta shan laima ba ya fitarwa. Wari ya fara. Fumfuna ta bi katakon baya ta cinye. Ƙofa ta kumbura ta daina kuka, kwaɗo ya daina kamawa. Ran nan da safe na ja ta, sai ta taho a hannuna. Ko “ƙiƙ” bai ce min ba.

Marigayin ya bar bindiga ɗaya, wadda tsatsa ta ci bakinta, jan karammiski ya manne mata a jiki kamar ƙuraje. Babban ɗana ya tafi da ita gidansa saboda jikoki, ban kuma hana shi ba. Marigayin ya kuma bar kwaɗo da makulli, marayu, ba su da abin kullewa. Ya bar guntun bulo, wanda ya fi wasu masu sana'a riƙon amana. Ya bar ni.

Bargon kuwa yana raye, na gan shi da idona. Yana shagon Sarkin Gam, a ƙarƙashin injin yankan katako, wai don kada injin ya yi rawa. Garin katako ya rufe shi, ana goge hannu da gefensa. Na aika Auta ta karɓo min, ta dawo tana murza zobe.

“Mama, ki yi haƙuri, da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ce zai sayo miki na ƙarfe, sabo fil.”

Na ce, “Na ƙarfen ya taɓa kwana a daji da ubanki?”

Na sake aikawa, ya ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Don haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Asabar da hantsi, lokacin da layin ya cika da masu ciniki, za a ɗora gawar a amalanke, a sauke ta a ƙofar shagon Sarkin Gam. Ni zan zo da kujerata, ba tasa ba, don ina son in tashi da ƙuguna lafiya. A nan zan karɓi gaisuwa. Duk wanda ya zo ba da aikin gado ko kabad, zan buɗe masa cikin mamacin ya shaƙa, ya san hannun da zai ba kayansa. Kunyar suruki ta rasu tare da marigayin, ita ma a yi mata addu'a.

Gawa ba za ta gusa ba sai an kawo likkafaninta, kuma likkafani ɗaya gare ta: bargon nan. Sarkin Gam da kansa zai ɗaga injin, ya ɗauko, ya miƙo min hannu biyu a gaban jama'a. In an lulluɓe marigayin an yi masa ban kwana, katako ya tafi murhu, bargo ya tafi gadona.

Gargaɗi ɗaya, Auta ki kai masa: kada ya kuskura ya wanke shi don ya burge ni. Ko kakkaɓewa ban yarda ba. Ya kawo shi da ƙurarsa da gam ɗinsa. Abin da ya rage na mijina yana can ƙasan dattin, ni zan nemo abina.