Gaisuwar Da Ta Cinye Minti Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, ko da zan so in manta. Ranar ce aka ba ni minti uku in ceci aikin wata baiwar Allah, ni kuma na ɗauki minti ukun nan na tambayi wani dattijo lafiyar gwiwarsa. Har yau in abin ya faɗo mini ina wanke-wanke, sai in tsinci kaina ina ce wa tukunya, "Kai, kai, kai."

Ni 'yar Maradi ce. Karatu ne ya kai ni Lyon, na yi shekara bakwai ina leƙen ƙwayoyin cuta har aka ce na zama dakta (ba irin mai allura ba, shi ya sa har yau innata ba ta ga amfanin abin ba). Aure da aiki suka maido ni wani gari a arewacin Paris, cikin dogayen benayen nan da za ka ji Bambaranci da Larabci da Hausa tun kafin ka kai hawa na shida. A makarantar ƙananan yara ta unguwar muka sa ɗiyarmu Hadiza tana da shekara huɗu.

Hadiza ba ta magana a makaranta. A gida kamar rediyo take, amma da ta taka ƙofar aji sai bakin ya kulle. Wata huɗu ana haka, har malamarsu ta fara cewa a kai ta a duba ta. Wadda ta buɗe bakin nan ita ce Madam Solanj, mataimakiyar malama, wata doguwar mata 'yar tsibirin Gwadalup mai furfura a goshi. Aikinta shi ne ɗaure takalmi, share majina, kai yara bayi, da canza wa wanda ya yi fitsari wando ba tare da sauran sun sani ba. Ita ta lura kitson Hadiza yana warwarewa wajen barcin rana, kuma ba mai iya gyara shi. Sai ta riƙa zaunar da ita tana kama mata, tana yi mata hira ba ta neman amsa. Rannan Hadiza ta juyo ta ce mata, "Kina ja da ƙarfi." Kalmarta ta farko ke nan a makaranta. Da aka gaya mini, kuka na yi a cikin jirgin ƙasa, jama'a na kallona.

A shekarar ne hukumar gari ta ce kuɗin da ta ware wa makarantar ba zai kai ko'ina ba, don haka za a tara iyaye su faɗi abin da suke so a sa gaba. Abu biyu ne a kan tebur. Ko a sayi allunan zamani masu aiki da lantarki a kuma yi wa azuzuwa fenti, ko a riƙe mataimaka uku da kwangilarsu ke ƙarewa a ƙarshen shekara. Madam Solanj na cikin ukun. Kada ku ɗauka masu son allo mugaye ne. Hujjarsu mai ƙarfi ce: makarantun cikin Paris duk suna da shi, don me 'ya'yan baƙaƙe da Larabawa kullum sai ragowa? Ni ma da ban san abin da na sani ba, da can zan tsaya.

Mu matan da ke goyon bayan mataimakan muka taru a ɗakin Hajiya Ramatu. Ita 'yar Tawa ce, ta fi shekara ashirin a Faransa, shara take yi a makarantu da ofisoshi a cikin Paris, maigidanta kuma yana sauke kaya a kasuwar Rungis. Ta ajiye mana shayi ta dube ni.

"Dokta, ke za ki yi muna magana. Mu Faransancinmu na kasuwa ne, ke naki na littahi."

Na ce a'a sau biyu, irin a'ar nan da kowa ya san i ce. Gaskiya kaina ya kumbura. Na koma gida na rubuta shafi huɗu, na rage, na sake ragewa, na tsaya gaban madubi ina ɗaga yatsa. Baban Hadiza ya riƙe mini agogo, jawabin ya kama minti biyu da daƙiƙa hamsin daidai. Ya ce, "Sai dai ki yi hankali fa, mutanen nan in sun ce minti uku, minti uku suke nufi." Na ce masa shekarata bakwai a Lyon, ba ni zai koya wa zama da Turawa ba.

A ɗakin cin abincin yara aka yi taron, manya-manyan mutane a kan 'yan kujeru, gwiwa har haɓa. A teburin gaba akwai mataimakin magajin gari, da sufeton makarantu, da shugabar makarantar, sai wata budurwa riƙe da ɗan agogon nan na dafa ƙwai mai ƙararrawa. Mataimakan uku suna can baya a tsaye, jikin ƙofar kicin, don kujeru ba su isa ba. Wanda ya yi magana kafin ni wani mahaifi ne ɗan Aljeriya mai son allo. Ya yi magana mai kyau, ya gama cikin lokaci, aka yi masa tafi sosai. Na ce a raina, bari su ji ta littafi.

Aka kira sunana. Na miƙe na gyara mayafi, na karɓi abin magana, budurwar ta murɗa agogonta. Na buɗe baki ke nan idona ya faɗa kan layin gaba. Wa zan gani in ba Baba Alhaji ba, aminin mahaifina tun suna samari, wanda ya yi ritaya daga ofishin jakadanci yana zaune wajen ɗansa. Ashe jikansa a makarantar yake. Shekara biyu rabona da shi. Abin da ya fi muni, an yi masa aiki a gwiwa ban je dubiya ba, kullum ina cewa sai Lahadi mai zuwa. Ga shi yanzu ya sauke tabarau kan hanci yana kallona.

Duk wanda aka haifa a irin gidanmu ya san ba yadda za a yi ka haɗa ido da aminin ubanka ka wuce ka kama zancen allo. Na ce bari in jefa masa kalma ɗaya kawai in wuce. Na manta abu biyu: akwai abin magana a bakina, kuma gaisuwa ba mutum ɗaya ke yin ta ba.

"Baba, ina kwana?"

Muryata ta cika ɗakin. Shi kuwa ya gyara zama, ya jingine sandarsa.

"Lahiya lau, ɗiyata. Kin tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ina maigidan? Ina amaryata Hadiza?"

"Suna gaishe ku. Ya ƙahwar, Baba?"

"To, da sauƙi, alhamdu lillahi. Sai dai in an yi sanyi, nan wajen takan riƙe. Kin ji babanki kwanan nan?"

"Mun yi waya shekaranjiya, yana lahiya. Ina su Hajiya?"

(A nan ya kamata in gaya muku cewa duk wannan a rusune nake yin sa. Dakta guda, da takarda a hannun hagu, abin magana a dama, gwiwa a lanƙwashe.)

Sai da ya fara ba ni labarin Hajiyar, wato matarsa, da hawan jininta na farga mutum wajen ɗari suna sauraron Hausa. A nan ne na yi dabarar da ta ƙarasa ni. Na ce a raina, yanzu na gaida tsoho da yaren da ba su ji, na bar manyan baƙi a zaune, za a ce matan Afirka ba su da ladabi. Bari in gyara. Na juya Faransanci, na littafin nan, na gaida mataimakin magajin gari da duk muƙamansa, na gode masa da ya baro iyalinsa ranar hutu. To ai ba a gaida shi a bar sufeto. Ba a gaida sufeto a bar shugabar makaranta. Na bi shugaban ƙungiyar iyaye, na shiga malamai ɗaya bayan ɗaya. Niyyata in gangaro har kan Madam Solanj, daga sunanta in ɗauko jawabina. Ina kan malami na uku ƙararrawar ƙwai ta kaɗa, budurwar ta ce:

"Mun gode, madam. Na gaba."

Na ce, "Ai ban fara ba."

"Mun gode, madam."

Wani ya kasa riƙe dariya a baya, sai ta bazu. Mutum ɗaya ne ya yi mini tafi, Baba Alhaji, yana cewa da ƙarfi, "Madalla! Ɗiyar kirki!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tafiyar komawa kujerata ba ta fi taku goma ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Na zauna da takardata a naɗe, ban karanta ko layi ɗaya ba. Na saci kallon ƙofar kicin, na ga Madam Solanj ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta. A lokacin kunyar ma ta tafi, tsoro ne ya maye gurbinta. Matar nan za ta rasa aikinta, Hadiza za ta koma aji babu ita, kuma ni ce na jawo.

Hajiya Ramatu tana gefena. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Dokta, shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya."

Ta yi tsaki, ta ɗora mini jakarta a cinya. "Riƙe min."

Ta ɗaga hannu, aka ba ta dama. Ba ta gaida kowa ba, ko barka da safiya ba ta ce ba. Faransancinta kuwa da malamaina na Lyon sun ji da sun suma. Ga abin da ta ce, in an maida shi bakinta na Tawa:

"Ni ina shara a wata lakwal, makarantar yara irin wannan, cikin Paris. Allon nan da kuke so akwai shi can, ni ke goge shi, na san shi. Yana da kyau, ban ce ba ya da kyau ba. Amma can kowane aji akwai mace irin Solanj, kuma ba a taɓa tara iyayensu an ce su zaɓa tsakaninta da allo ba. Mu aka ce mu zaɓa. To ɗiyanmu ma ɗiyan ƙasar nan ne. In sai an zaɓa, ni mutum na zaɓa, allon ya jira baɗi." Ta waiga baya. "Solanj, Fatima, Mari, ku matso a gan ku. Wasu nan ba su san huskar masu wanke wa ɗiyansu kashi ba."

Matan suka tako a hankali har gaban teburin manya. Agogon ƙwai na ta tik-tik. Budurwar ta ce saura minti biyu. Hajiya ta miƙa mata abin magana ta ce, "Na gama," ta dawo ta karɓi jakarta.

Da aka zo ɗaga hannu don ƙuri'a, ni idona a rufe yake, ina karanta duk addu'ar da na sani. Sai da Hajiya ta zungure ni ta ce, "Ke, ɗaga naki mana!" Saura kaɗan in ƙara da wannan ma. Da na buɗe ido na ga hannuwa sun fi yadda na zata, har da na mahaifin nan ɗan Aljeriya, wanda ya ɗaga nasa yana girgiza kai kamar an yi masa dole. Ba da rata mai yawa muka ci ba, amma mun ci. Mataimakin magajin gari ya rubuta, ya ce za a sabunta kwangilar ukun. Ban taɓa jin daɗin nasarar da ba ni da hannu a cikinta kamar ranar ba.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da Baban Hadiza a bakin ƙofa ya rusuna har ƙasa yana cewa, "Ranki ya daɗe, ina gajiya?" Matan unguwa kuma suka daina ce mini Dokta, na koma Madam Ina Gajiya, sunan da ya bi ni har muka tashi daga gidan.

Ranar Litinin na so in tura shi ya kai Hadiza, ya ƙi, wai shi ba ya raba mutum da masoyansa. Na tafi ina sunkuyar da kai. Madam Solanj tana bakin aji tana karɓar yara. Hadiza ta saki hannuna ta ruga ta rungume ƙafarta. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, sai ta riga ni, tana murmushi.

"Madam, ranar Asabar kin gaida kowa da kowa. Ni ina can baya ina jiran tawa, har aka kaɗa ƙararrawa ba ta iso ba."

Da wasa ta faɗa, amma ni ta soke ni. Na zo ne in yi faɗa a kan yadda ake rabo daga sama, ya ƙare kafin ya kai ƙasa, sai ga shi gaisuwata ma haka na raba ta. Na ajiye jakata a ƙasa, na kama hannunta da hannu biyu. Na tambaye ta kwana, na tambaye ta gajiya, da aiki, da yara, da mutanen Gwadalup gaba ɗaya, ita kuma tana amsawa tana dariya har da hawaye, iyaye sun yi layi a bayana suna duba agogo. Ranar na makara wajen aiki, ban kuwa damu ba.

Ban daina doguwar gaisuwa ba, kuma ba na jin zan daina, haka aka haife ni. Sai dai yanzu in na shiga taro, daga ƙofar kicin nake farawa. In ƙararrawa ta kaɗa ban kai kan manya ba, su dai a zaune suke, ba abin da za su rasa.