Rijiyar Malam a Gindin Aduwa

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na lasa ƙasar gindin aduwa a gaban mutanen gari guda ba. Shekaru sun ja, gemu ya yi fari, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji ina neman wurin tofar da yawu.

A shekarun farin nan ne, lokacin da damina biyu suka zo suka wuce ba wanda ya cika ko rabin rumbu. Ina sabon malamin firamare, aka turo ni daga Sabon Birni zuwa wani ƙauye a ƙasar Isa, can gaba da Turba (ba zan faɗi sunansa ba, har yanzu akwai masu haƙoran dariya a can). Na sauka da akwatin ƙarfe, da kyamarar da na saya hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi, da wani littafi mai hotunan ƙwari, da kuma girman kai wanda ya fi akwatin nauyi.

Ciwona a lokacin shi ne malam-buɗe-littafi. Wani malaminmu na kimiyya a kwalejin horon malamai ya shafa mini wannan cuta. Shi ya koya mini cewa ƙwaron nan kala-kala ne, kowanne da itacen da yake so da lokacin da yake fitowa, kuma ƙarshen bazara, gab da faɗuwar damina, shi ne lokacinsu. To bayan ƙauyen akwai gandun daji na gwamnati, duk da fari ya cinye shi saura aduwa da anza da sabara. Duk Asabar sai in rataya kyamara in shiga. Mutane na neman abin da za su sa a baki, ni ina bin ƙwaro da gudu cikin ƙaya. Fim ɗina ɗaya ne tak, sai an kai Sakkwato ake wankewa, don haka kowane hoto sai na yi ta lissafi kafin in danna.

Ruwa kuwa shi ne babban tashin hankalin garin. Rijiyarsu ta ƙafe, guga ba ya fitowa da komai sai laka. Mata kan tashi tun da asuba su tafi gulbi su tona yashi, ba su dawowa sai rana ta take. Ana ta raɗe-raɗin cewa gwamnati za ta aiko masu awon ruwa da na'ura, amma shiru kake ji.

Wata Asabar wajen tsakar rana, a bakin dajin, na ci karo da abin da na daɗe ina mafarki. A gindin wata aduwa, a wani ɗan fili da bai fi faifai biyu ba, ga malam-buɗe-littafi sun fi a ƙirga, farare da masu ruwan ɗorawa, sun sauka sun jeru suna tsotsar ƙasa. Na tuɓe takalmi. Na durƙusa, na rarrafa, daga ƙarshe na kwanta rub da ciki da farar rigata, na kafa ido a kyamara. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Ashe matan da ke dawowa daga gulbi sun hango ni, sun kai labari gari cewa malamin boko na can kwance da na'ura yana auna ƙasa.

Ina dannawa, ƙwarin suka watse, na ji gyaran murya a bayana. Na waiga, sai ga Maigari da Liman da magidanta sun fi goma, sun yi tsit kamar ana huɗuba.

"Malam, sannu da aiki," in ji Maigari. "An ce muna kana awon ƙasa. Halan ruwa na'urar tag gani?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in ce, ranka ya daɗe, hoton ƙwaro nake ɗauka. Kalma bakwai ce kacal, da na huta. Amma ka duba halin da nake ciki: ƙato da ni, albashin gwamnati nake ci, a kwance cikin turɓaya saboda ƙwaro, a shekarar da mutane ke jiƙa 'ya'yan anza su ci don yunwa. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na dubi inda ƙwarin suka tashi, sai kuwa na ga ƙasar da duhun laima. Nan take Shaiɗan ya dafa kafaɗata.

Na miƙe, na kakkaɓe riga, na ce, "Ranka shi daɗe, ƙwarin ga ba su sabka sai inda ad da laima. Cikin littahi shike."

(Wannan kam gaskiya ne, a littafin yake. Abin da ban karanta ba shi ne shafi na gaba.)

Aka ɗauki salati. Sai wani dattijo ya matso, Baba Ɗangoje, wanda shi ne maginin rijiyar duk yankin. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya kai hanci. 

"Malam, tun ba a haihe ka ba nika ginar rijiya," ya ce. "Ban taɓa jin ruwa mai wanga wari ba."

Wato tsohon da bai san ko bihim ba zai ƙaryata ni a gaban Maigari? Raina ya ɓaci. Na jefa masa Turanci biyu-uku waɗanda ni kaina ban san inda suka dosa ba. Da na ga bai girgiza ba, sai na yi abin da na taɓa gani wani injiniya ya yi a hoto. Na tsuguna, na dangwali ƙasar da yatsa, na ɗora a harshe. Na lumshe ido. Na tattauna a hankali, har da gyaɗa kai.

"Kanwa ta," na ce. "Ruwan bisa kanwa gare shi. In anka yi ƙasa, za a ishe mai daɗi."

Baba Ɗangoje ya dube ni, ya dubi Maigari, ya ce, "To, mai takarda ya hwaɗi. Gobe da sahe za ni kawo kayan aiki."

Kwana uku aka yi ana haƙa. Magidanta suka bar binnen da suke yi a gonakinsu, wato shukar da ake turbuɗewa a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, suka zo da sangwami da kwanduna, cikinsu ba komai sai ɗan farau-farau. Ni kuwa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, kyamara a wuya, ina ba da umarni. Tun a taki ɗaya laimar ta ɓace, ƙasa ta koma fara fat. Baba Ɗangoje ya ɗago kai daga ramin ya kalle ni. Na ce masa ruwan ya yi ƙasa ne, a ci gaba. A raina kuwa addu'a nake yi ba ƙaƙƙautawa, Allah Ya sa a dace ko da bisa kuskure.

Rana ta biyu wata tsohuwa, Inna Tumba, ta zo ta durƙusa nesa da tabarmata, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye mini ƙwan zabi biyu. Ta ce ƙafafunta sun gaji da hanyar gulbi, Allah Ya yi mini albarka. Na karɓa. Na dafa na cinye kuma. A duk labarin nan, wannan ne wurin da ba na iya yi wa dariya.

Rana ta uku da hantsi, rami ya kai gaba biyu, rabin gari na tsaye a bakinsa har da mata da tulunansu, sai ga wani Bafulatani ya ɓullo daga hanyar gulbi, yana jaye da wani baƙin takarkari ɗauke da salkunan ruwa. Ja'e sunansa, rugarsu na bayan dajin. Ya tsaya, ya dogara da sanda, ya dubi tulin ƙasa, ya dubi aduwar.

"Salamu alaikum. Wa yat tone mani wurin hutu?"

Maigari ya yi masa bayani da fara'a, cewa Malam ya gano ruwa, an ga laima a nan.

"Laima?" in ji Ja'e. Ya waiga ya dubi sansa, wanda yake kira Ɓaleri. "Ai Ɓaleri na. Kullum in mun taso gulbi nan nika ɗaure shi shi huta, nan kau shika hitsari nai. Kwana ukkun ga mun tahi gaisuwa Kamarawa."

 Ni dai na buɗe baki zan kawo wani Turancin. Sai Ɓaleri, Allah Ya saka masa, ya ga an kawo shi wurin da ya saba. Ya taka a hankali zuwa gefen tulin ƙasar, ya buɗe ƙafafu, ya saki abinsa shaaa, a gaban Maigari da Liman da kowa. Bai ko gama ba, wallahi, sai ga farare biyu sun sauko daga kan aduwa. Sai na uku. Sai masu ruwan ɗorawa. Suka jeru a bakin kumfar suna buɗe fiffike suna rufewa, daidai yadda na ɗauke su a hoto.

Baba Ɗangoje ya fito daga ramin, ƙura har gira. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi Ja'e ya ce, "Kana ba shi kanwa?"

"Duk Juma'a," in ji Ja'e.

"To, Malam ya yi gaskiya. Kanwa ta. Harshe nai ba shi ƙarya."

Wani ya fara ƙyalƙyalewa a baya. Liman, mutumin kirki, ya ga ina neman nutsewa, sai ya ɗaga hannu don ya cece ni.

"Ku bari! Malam, kak ka damu, bawalin sa ba najasa ba na. Da jaki na, da sai ka wanke baki sau da yawa."

Nan fa aka zube. Maigari ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Magidanta na riƙe ciki, wani har ya kusa faɗawa ramin. An ce rabon garin da dariya irin wannan tun kafin farin. Ni kuwa ina tsaye, kyamara a wuya, ina jin ɗanɗanon abin ya dawo mini sabo.

Da dariyar ta lafa, sai matan suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya, suka ɗauki tulunan da suka zo da su don ɗiban ruwan sabuwar rijiya, suka kama hanyar gulbi cikin tsakar rana. Inna Tumba ce ta ƙarshe. Ta wuce ta gabana tana ɗingishi, ba ta ko dube ni ba. Na fi son a yi mini dariyar shekara da wannan wucewar.

Washegari na je ƙofar Maigari na faɗi gaskiya tun daga farko, cewa hoton ƙwaro nake ɗauka. Ya ce ai sun gane. Daga nan duk yamma in an tashi makaranta sai in bi gonakin waɗanda suka yi haƙar, ina taya su binne, har tafin hannuna ya yi kanta. Asabar kuwa na ajiye kyamara, na riƙa bin Ja'e da Ɓaleri gulbi ina ɗebo wa Inna Tumba tulu biyu. Sai da na yi wata guda ina kaiwa kafin ta ce mini, "Malam, ƙwan nan dai ka ci shi halal."

Ramin ba a cike shi ba. Da ruwa ya sauka daga baya, ya kan tara ɗan abin da awaki ke sha, kuma har yau Rijiyar Malam ake ce masa. Yaran da ba a haifa ba a lokacin sun san labarin, har da gyaɗa kan.

Bayan wata biyu aka kawo mini hotunan daga Sakkwato. Na gindin aduwar nan ya fi duk wanda na taɓa ɗauka kyau, kowane fiffike ya fito tsaf. A kusurwarsa ta hagu kuwa, ƙuru-ƙuru, ga turke da guntun igiya, ga sawun kofato, ga kashin shanu har ya bushe. Duk suna nan tun ranar, taku ɗaya daga hancina.

Har yanzu ina bin malam-buɗe-littafi in bazara ta ja, kuma hoton na nan rataye a ɗakina. Sai dai na koyi abu biyu. In na ga sun taru a wuri, nakan sauke kyamara in dubi gefe da gefe tukuna. In kuma tsoho ya shinshina abu ya ce bai yarda ba, to ni ba na kai harshe.